Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Masa Yoyo: Wa Ake Tambaya Kafin A Sake Gina Makarantunmu?

Duk shekara, da zarar hadarin farko ya taso daga gabas, akwai hoton da yake dawowa wayoyinmu. Ka san shi, ke ma kin san shi. Aji ne iska ta yaye wa kwano, katako ya yi cirko-cirko, yara suna zaune a ƙasa suna kallon sama. Wani ya ɗora a Facebook ya rubuta “Ina gwamnati?”, kafin la'asar an watsa shi a guruf-guruf na WhatsApp, kwament yana ta zuba, rabi addu'a rabi zagi. In an yi dace maganar ta kai kunnen manya, bayan wasu watanni sai ga hoto na biyu: gini ya sha fenti, manyan baƙi sun yanke ƙyalle, kowa ya rubuta “Ma sha Allah”. Daga nan mun wuce, wani sabon zance ya ɗauke mu.

Tsakanin hotunan nan biyu akwai wani wuri da ba kasafai ake ganin matashi ba, alhali a nan ake yin komai. Shi ne zaman da ake yanke shawarar aji nawa za a gina, ina za a haƙa masai, wane ɓangare taga za ta kalla, yaya tsawon da za a ɗaga fandisho daga ƙasa, kuma ina yara za su zauna kafin a gama aiki. Hausawa suka ce tun ran gini ran zane. Makarantar da za ta shekara talatin da wadda za ta fara yoyo a damina ta biyu, tun a takarda ake rabe su, kafin tifa ta sauke yashi.

To, zancen da nake so mu yi yau ke nan, musamman mu 'yan Dutse da Kiyawa da Jahun da Miga da Buji da Gwaram da Birnin Kudu. In an ce za a sake gina makarantar garinku, wa ake tambaya, kuma ta wace ƙofa kai za ka shiga?

Fara da sanin mai aikin

Abu na farko da yake kayar da mu a soshiyal midiya shi ne ba mu san wanda za mu tuhuma ba. Komai “gwamnati”. Alhali kuɗin gyaran makaranta daga aljihu daban-daban suke fitowa, kuma kowane aljihu da ƙofar da ake ƙwanƙwasawa.

Ilimin matakin farko, wato firamare da ƙaramar sakandare, hurumin hukumar SUBEB ne da ke Dutse, sannan kowace ƙaramar hukuma cikin 27 da muke da su tana da sakataren ilimi. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya ga hukumar UBEC. Amma jiha ba ta ɗaukar kason gine-gine haka kawai. Sai ta ajiye nata daidai da na tarayya, naira da naira, ta kuma gabatar da jadawalin ayyukan da za ta yi da kuɗin. Riƙe kalmar nan, jadawali. A cikinsa ne sunan makarantarku yake shiga ko ya faɗi.

Aljihu na biyu shi ne kasafin jiha kai tsaye. Tun 2023, bayan hawan Gwamna Umar Namadi, an raba ma'aikatar ilimi gida biyu, ta ilimin matakin farko da ta ilimi mai zurfi. Na uku shi ne ayyukan mazaɓu na 'yan majalisa, irin bulok ɗin ajin da za ka ga an rubuta sunan mai girma wane ɓaro-ɓaro a bango. Na huɗu kuwa kuɗin abokan hulɗa ne na waje, kamar shirin AGILE na Bankin Duniya mai kula da karatun 'yan mata, wanda Jigawa ta shiga cikin jihohi 11 da aka ƙara a 2023. Na ƙarshe shi ne aljihun jama'a: masu hali, ƙungiyoyin gari, da tsofaffin ɗalibai irin BIKOBA ta kwalejin Birnin Kudu, makarantar da Aliko Ɗangote ya yi sakandare.

Ka ga ashe kafin ka rubuta “Ina gwamnati?” akwai tambayar da ta riga ta: wannan aikin na wane ne? In na ɗan majalisa ne, zuwa ofishin sakataren ilimi da faɗa ɓata takalmi ne. In na SUBEB ne, zagin kansila zalunci ne.

Kujerar da ka bari babu kowa

Yanzu ga abin da da yawanmu ba mu sani ba. A tsari, kowace makarantar gwamnati tana da kwamitin gudanarwa na al'umma, wanda aka fi sani da SBMC. Wannan daban yake da ƙungiyar iyaye da malamai. A cikinsa akwai hedimasta, wakilin malamai, wakilin dagaci ko mai unguwa, malamin addini, mata, masu sana'ar hannu, tsofaffin ɗalibai, har da wakilan yaran da suke karatu a makarantar, mace da namiji. Aikinsa ne ya zauna ya rubuta tsarin raya makaranta: me ya lalace, me ya fi gaggawa, me gari zai iya yi da kansa, me sai hukuma.

Jigawa ba baƙuwa ba ce a wannan harkar. Tana cikin jihohi shida da shirin ESSPIN na Birtaniya ya yi aiki daga 2008 zuwa 2017, tare da Kano da Kaduna da Kwara da Legas da Inugu, kuma horar da waɗannan kwamitoci na cikin manyan ayyukansa. Daga baya shirin NIPEP, wanda ya shafi Jigawa da Kano da Kaduna da Katsina da Sakkwato, ya riƙa tura tallafin gyara kai tsaye asusun makarantu, kwamiti ne yake kashewa. AGILE ma ta hannun kwamitocin take bi da kuɗin gyaran makarantu.

Ma'ana, akwai wuraren da kuɗi na gaske suke shiga hannun mutanen unguwa. Tambayata gare ka ita ce: ka san shugaban kwamitin firamaren da ka gama? Kin san ranar da suke zama? Kujerar tsofaffin ɗalibai taka ce, taki ce. In ba mu zauna a kai ba, wani zai zauna, kuma ba lallai ne ya taɓa shiga ajin ba tun da aka gina shi.

Sanarwa daban, shawara daban

Sai dai a yi hattara, ba kowane taro ne shawara ba. Akwai wanda za a kafa rumfa, a jera kujerun roba, a buɗe da addu'a, jami'i ya tashi ya ce gwamnati ta amince za a gina bulok biyu, a yi tafi, a raba lemo, a ɗauki hoto. Wannan sanarwa ce. An riga an gama zane, an ba da kwangila, an zo ne a shaida muku.

Shawara ta gaske tana da alamomi uku. Ana yin ta kafin a kulle zane. Ana kawo zaɓi, a ce da kuɗin nan ko dai aji shida babu katanga, ko aji huɗu da katanga da masai, ku wanne kuka fi buƙata? Sannan ana rubuta abin da aka amince, a sa hannu, kowa ya riƙe kwafi. In babu ɗaya cikin ukun nan, an sha lemo ne kawai.

Kuma su wa ake tambaya? A al'adarmu in an ce a kira mutanen gari, dattawa maza ake nufi. Girmansu yana nan, ba wanda ya isa ya tsallake su. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma masu ɗakin nan ba su ne suke zama a sahun gaba ba.

Maigadi ya san ta inda ɓarayi suke haurowa, ya san kusurwar da ruwa yake kwanciya kwana uku bayan an ɗauke. Malamar aji ɗaya ta san yara nawa take cusawa a ɗaki. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, amma ita ta san adadin da take kira a rajista kowace safiya, kuma da wannan adadin ya kamata a auna yawan ajin da za a gina. Tsohon birkilan gari ya san irin ƙasar wurin, ya san inda gara take cin katako. Iyaye mata sun san dalilin da ya sa suke hana yara zuwa ranar kasuwa ko ranar da kwari ya cika. Yaron da yake tafiya a keken guragu ya san matakala uku a ƙofar aji daidai suke da katanga. Dokar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyar shiga, wa'adin ya cika tun farkon 2024. Duk ajin da aka zana yau babu gangaren keke, an zana shi a kan saɓa doka.

Sai 'yan mata. Akwai wata makaranta da na sani a wani ƙauye gefen Dutse, ba zan kama suna ba. An gina masai sabo fil, ginin ba laifi, amma an dasa shi a bakin ƙofar shiga, yana kallon inda samari suke zaman majalisa wajen mai shayi. 'Yan matan manyan aji ba sa shiga. Sun gwammace su riƙe har a tashi, wasu kuma in lokacin al'adarsu ya zo sai su yi zamansu a gida. Kuɗi sun fita, aiki yana cikin rahoto, amfani babu. Da an sa malama ɗaya ta zauna da yaran nan minti ashirin, su kaɗai babu namiji, da an matsar da ramin bayan ajujuwa ba tare da ƙarin ko kwabo ba. Yarinya 'yar shekara goma sha uku ba za ta ɗaga hannu gaban hakimi ta yi maganar masai ba. Dole a ware mata zamanta.

Ruwa, iska da zafi

Yankinmu yana da abokan gaba uku da duk mai zanen makaranta ya kamata ya yi wa tanadi, kuma mutanen gari sun fi kowa sanin halinsu.

Na farko ruwa. Ba wanda ya manta ambaliyar 2022, wadda ta kashe mutum sama da 600 a faɗin Najeriya, Jigawa kuma tana cikin jihohin da suka fi jin jiki. A garuruwan da ke bin kogin Haɗeja, irin su yankin Miga da Jahun, ruwa ba baƙo ba ne, ga kachala ta toshe masa hanya. Kuma in gidaje suka rushe, ina mutane suke gudu? Makaranta. Ke nan makaranta a wajenmu aji ce da rani, mafaka ce da damina. Tambayar da za a yi wa dattawa ita ce: a shekarar da ruwa ya fi yawa, ina ya tsaya? Su nuna a jikin bishiya ko bangon masallaci, a ɗaga daɓen aji sama da nan. In filin kwari ne, a faɗi gaskiya tun wuri a nemi tudu.

Na biyu iska. Guguwar farkon damina daga gabas take zuwa, ita ce mai yaye kwano. Sau da yawa ba kwanon ne matsala ba, ɗaurin ne. In an ɗora katako a kan bulo an buga ƙusa kawai, rufi zai tashi kamar faifai. Sai an ɗaure shi da rodi ko langalanga a cikin kankaren linta, an rufe bakin kwano, an kuma dasa layin darbejiya ta gabas ya rage ƙarfin iska.

Na uku zafi. A watan Afrilu zafin Dutse kan haura digiri 40. Aji mai gajeren rufi, babu sili, taga tana kallon rana, tanda ce. Ba yaron da zai fahimci lissafi a ciki da ƙarfe goma sha biyu. In aka miƙe gini daga gabas zuwa yamma, tagogi suka kalli kudu da arewa, rana ba ta shiga kai tsaye, iska kuma tana ratsawa. Wannan ba ya cin ƙarin buhun siminti ko ɗaya. Juya takarda ne kawai kafin a ja igiya.

Ba mafarki nake faɗa ba, an fara gwadawa a nan gida. A Satumban 2025 an ƙaddamar da makarantu 45 da ƙananan asibitoci 39 a Kano da Jigawa ƙarƙashin shirin CRIBS, wanda Birtaniya ta ba da kuɗinsa, UNICEF ta shige gaba wajen aiwatarwa, domin gine-ginen su jure ambaliya da zafi. Abin da ya rage namu shi ne mu je mu gani da ido, in wani abu ya yi kyau mu nemi a sa shi a zanen makarantar garinmu.

Abin da maƙwabta suka yi

In kana ganin shawara da mutanen ƙauye ɓata lokaci ne, leƙa Burkina Faso. A ƙauyen Gando, wani ɗan garin mai suna Francis Kéré, wanda ya yi karatun zanen gini a Jamus, ya dawo ya gina firamare tare da mutanensa, aka gama a 2001. Da ya ce da ƙasa za a yi, mutane ba su so ba, don a ganinsu ginin ƙasa na talaka ne, damina tana cinye shi. Bai yi musu dole ba. Ya zauna da su, ya gwada musu bulon ƙasa da aka ƙarfafa da ɗan siminti, ya ɗaga kwano sama da silin yadda zafi zai fice, ya faɗaɗa bakin rufi ya kare bango daga ruwa. Maza da mata da yara suka yi aikin da hannunsu. Makarantar ta ci kyautar Aga Khan a 2004, shi kuma a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi Pritzker, babbar kyautar masu zanen gini ta duniya.

Ga kuma na kusa, a ƙasar Hausa. A Dandaji ta jihar Tawa a Nijar, an so a rushe tsohon masallacin ƙasa a yi sabo. Mariam Issoufou Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili suka kawo wata shawara: a gina sabon masallaci a gefe, tsohon kuma a gyara shi ya zama ɗakin karatu. Aka nemo maginan gargajiya suka shiga aikin, aka gama a 2018. Yau gari yana da masallaci, yana da laburare, bai kuma rasa tarihinsa ba.

Darasin ba wai a koma ginin ƙasa ko'ina ba ne. Darasin shi ne a wuraren nan biyu gwani ya zo da iliminsa, gari ya zo da nasa, aka haɗa. Shawara ɗaukar ɗaki, in ji magabata, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Inda shawara take da iyaka

Kada kuma mu yaudari kanmu, zaman shawara yana da nasa ciwon. Wani zai zo ne don a ba ƙaninsa kwangilar yashi. Wani so yake a kai ginin kusa da gidansa. Wani in ɗan jam'iyyar adawa ya ce fari, shi baƙi zai ce ko da nono ne. In ba a yi wa zaman wa'adi ba, rani zai wuce ana gardama, damina ta zo ba a haƙa fandisho ba.

Sannan akwai abin da ba a ƙuri'a a kansa. Kaurin rodi, zurfin fandisho, yawan siminti a kankare, wannan aikin injiniya ne, ba na masu rinjaye ba. Ranar 12 ga Yulin 2024, benen makarantar Saints Academy ya rufta a Jos ana tsakiyar karatu, mutum 22 suka rasu, yawancinsu ɗalibai. Gini ba ya jin lallashi. Gari ne zai faɗi abin da yake buƙata da inda yake so, gwani ya faɗi yadda zai tsaya, hukuma ta faɗi abin da aljihu zai ɗauka. In kowa ya tsaya a layinsa, zama biyu ko uku sun isa.

Takardu huɗu da za ka nema

A ajin koyon aikin jarida, abin da ake fara cusa mana shi ne tambayoyi shida: wa, me, ina, yaushe, don me, ta yaya. Wallahi su kaɗai sun isa bibiyar aikin makaranta. Ga inda amsoshin suke.

Ta farko, allon kwangila da ake kafawa a bakin aiki. Ya kamata ya nuna sunan aikin, hukumar da ta bayar da kamfanin da ya karɓa. Ɗauki hotonsa ranar da aka kafa.

Ta biyu, zanen ginin. Ba sai ka zama injiniya ba kafin ka ƙirga ajujuwa da tagogi da ƙofofin masai.

Ta uku, takardar ƙididdigar kayan aiki, wadda 'yan kwangila suke kira BOQ. Ita ce take faɗin irin kwanon da za a sa, ko akwai sili, ko akwai benci, ko gyara ne ko rushewa a sake. Sau da yawa rigimar da ake yi da ɗan kwangila a kan “bai yi katanga ba”, in an duba, ba a sa katangar a takarda ba tun farko. Ka ga laifin na ranar zane ne.

Ta huɗu, takardar abin da aka amince a zaman shawara, da sa hannun shugaban kwamiti.

In an hana ka gani fa? Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukuma ya nemi bayani, a ba shi amsa cikin kwana 7, kuma a Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta yanke cewa dokar ta hau kan jihohi ma. A Dutse akwai hukumar tantance kwangila da bibiyar ayyuka ta jiha, wadda aka fi sani da Due Process. Kasafin kuɗin jiha kuma ana ɗora shi a intanet. Datar da kake ƙonawa a TikTok cikin dare ɗaya ta isa ka sauke shi ka nemi sunan garinku.

Wayarka, amma da lissafi

Ba cewa nake a daina fostin ba. Waya makami ce, sai dai a san inda ake saita ta. A 2012 Hamzat Lawal da abokansa suka tayar da gangamin ceto Bagega, ƙauyen Zamfara da gubar dalma take kashe wa yara, bayan an yi alkawarin kuɗin share gubar ba a saki ba. A farkon 2013 aka saki kuɗin. Daga nan tafiyar Follow The Money ta samo asali. Abin da ya ba su nasara ba yawan zagi ba ne. Sun san adadin kuɗin, sun san ofishin da ya riƙe su, kuma ba su saki maganar ba bayan kwana biyu.

To kai ma in za ka ɗora, sa sunan makaranta da mazaɓa, ko Kudai ce ko Sakwaya ko Limawa ko Madobi. Sa kwanan wata. Faɗi abin da takarda ta ce da abin da idonka ya gani. Je wurin aiki tun ana fandisho, don bayan an yi filasta an shafa fenti ba mai sanin abin da ke ciki. Duba ko ana ba kankare ruwa, musamman da hunturu da iska take busar da shi da wuri, domin yana buƙatar kamar mako guda ana jiƙa shi. Murza gefen bulo da yatsa, in yana zuba kamar gari, a kira injiniyan hukuma ya gani. Kada ka ɗora fuskar yaran mutane ba izini. Kada ka kira mutum ɓarawo ba hujja, don ƙarar ɓata suna ba wasa ba ce. Kuma kafin ka kai magana duniya, fara kai ta wurin hedimasta da kwamiti. Shi hedimasta ma'aikaci ne, akwai abin da yake gani ba ya iya faɗa. In ka zo masa da ladabi, zai nuna maka inda za ka duba.

In aiki ya yi kyau kuma, a faɗa. Ɗan kwangilar da ya yi tsakani da Allah ya cancanci a ambace shi kamar yadda ake ambaton wanda ya yi algus.

Lokacin magana

Abu na ƙarshe shi ne lokaci, kuma a nan muka fi yin fargar jaji. Mu muna ihu a watan Yuni da Agusta, lokacin da rufi ya tashi. Gwamna kuwa yana kai kasafin shekara mai zuwa gaban majalisa ne a ƙarshen shekara, ma'aikatu kuma sun tattara buƙatunsu tun kafin nan. Gini da rani ake yin sa. Ke nan hoton da ka ɗauka da damina, in bai zama takarda ya isa teburin sakataren ilimi da SUBEB da ɗan majalisarku kafin kaka ba, sai wata shekarar. Ba a fafe gora ranar tafiya. Haka in shirin Gwamnati da Jama'a, wanda gwamna da kwamishinoninsa suke zagaya ƙananan hukumomi, ya zo garinku, kada a tashi a ce “muna da matsaloli da yawa”. A miƙa takarda ɗaya: makaranta kaza, yara kaza, aji kaza ne suke da rufi, ga abin da kwamiti ya sa a gaba.

Don haka ga ɗan aikin da zan bar ka da shi, ke ma haka. Cikin makon nan, taka zuwa firamaren da ka gama. Gaida hedimasta, tambaye shi wane ne shugaban kwamiti da ranar zamansu na gaba. Ƙirga ajujuwan da ake iya zama a ciki, ka tambayi yawan yara. Ke kuma ki nemi malama ku zauna da 'yan matan aji shida, ki ji abin da ba za su faɗa a gaban maza ba. Ku haɗa ku biyar ko shida 'yan ajinku na da, ku buɗe guruf, ku rubuta abin da kuka gani a shafi ɗaya, ku kai wa kwamiti.

Ƙannenmu ne za su zauna a ajin nan shekara shida, wataƙila 'ya'yanmu ma su tarar da shi. Allah Ya ba mu ikon yin magana a lokacin da take da amfani.